Amanar Jiki Tsakanin Gona da Ofis

Malaman usulu, wato masu nazarin tushen hukunce-hukuncen shari'a, tun daga Imam Gazali da ya rasu a 1111 har zuwa Shaɗibi na Andalus da ya rasu a 1388, sun lissafa kiyaye rai cikin manufofi biyar da shari'a ta zo domin tsarewa, kuma daga nan aka fahimci cewa jiki amana ce da za a tambayi mai riƙonta. Abin da ke buƙatar nazari shi ne ko motsa jiki, wato tafiya ko gudu ko wasan da mutum ke yi da gangan domin lafiyarsa, yana cikin cika wannan amana, kuma ko hukuncinsa ɗaya ne ga kowa.

Halaccinsa ba abin jayayya ba ne, domin ya tabbata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha. Likitoci kuma sun tabbatar cewa motsi a kai a kai yana sassauta hawan jini, yana taimaka wa jiki sarrafa suga, yana kuma ƙarfafa zuciya, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya a 2020 ta shawarci baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako. Wannan shawara ta fi shafar ma'aikacin Dutse, garin da ya cika da ofisoshi tun da ya zama babban birnin Jigawa a 1991, domin wanda ya wuni a kujera, ya hau babur ko zuwa masallacin unguwa ne, ya kusa shiga sahun masu sakaci da abin da aka ba su ajiya.

Manomin Kiyawa ta Jigawa kuwa, wanda ke sunkuye da fartanya a gonar gero ko riɗi tun hantsi, ko ɗan dako mai sauke buhuna a kasuwar Shuwarin, lamarinsa daban ne, kuma kuskure ne a karanta masa waccan shawara kamar shi ma zaman ne ya yi masa yawa. Wahalar aiki ba ta ba jiki duk abin da motsi na ganin dama ke ba shi, saboda tana ɗaukar sa'o'i masu yawa ba isasshen hutu, sau da yawa cikin zafin bazara da kan haura digiri 40, inda yawan zufa ba tare da shan ruwa ba yake gajiyar da ƙoda, yake kuma iya tayar wa mai sikila ciwonsa. Ga irin wannan mutum, ƙa'idar fiƙihu da ta hana cutar da kai ita ce kan gaba, kuma inuwa da ruwa da barci su ne haƙƙin jikinsa.

Malaman Malikiyya sun riga sun lura da wannan bambanci a babin azumi, inda suka ce mai girbin da ba makawa sai ya yi aikinsa zai kwana da niyya ya tashi da azumi, sa'an nan idan wahala ta tsananta har ya ji tsoron cutuwa ya sha ruwa, ya rama ranar daga baya.