KYAMARAR KAN TITI: IN HOTON YA FITA, ALHAKIN WA?



'Yan uwa, hukuma ta kafa kyamara a kasuwa ko shataletale don kama ɓarawo da ɗan ta'adda, wannan maslaha ce, ba mai jayayya. Tambayar ita ce: hotunan bayin Allah da ake tarawa dare da rana, a hannun wa suke kwana?

A Janairun 2017, ana saura kwanaki a rantsar da Donald Trump, masu kutse suka kame na'urori 123 cikin 187 da ke naɗar hotunan kyamarorin 'yan sandan Washington, suka nemi kuɗin fansa. Kwanaki aka yi ba a naɗar komai. Babban birnin Amurka fa! A Maris ɗin 2021 kuma aka shiga kyamarori kusan 150,000 na kamfanin Verkada, har da na asibitoci da makarantu da gidajen yari. Da me aka shiga? Da kalmar sirri da aka tsinta a fili a intanet.

To, a fiƙihu akwai babin ajiya, wato wadi'a. Wanda aka ba ajiya ba ya biya in ta salwanta, sai in ya wuce iyaka ko ya yi sakaci, abin da malamai ke kira ta'addi da tafriɗi. Ɗora wannan a kan kyamara. Jami'in da ya kwafi hoton wata baiwar Allah ya tura wa abokansa, ya yi ta'addi. Wanda ya bar na'ura da kalmar sirrin da ta zo da ita daga kamfani, ko ya shekara bai sabunta manhajarta ba, ya yi tafriɗi. Mai kutse ɓarawo ne, zunubinsa na kansa, amma wanda ya bar ƙofa a buɗe bai kuɓuta ba.

Wani zai ce: "Malam, ai titi ne, kowa na ganin kowa." Haka ne. Amma mai wucewa ya gan ka sau ɗaya ya manta. Na'ura ba ta mantuwa. In aka haɗa hotunan wata guda, an san asibitin da matarka ke zuwa, da lokacin da 'ya'yanka ke tashi daga makaranta, da ranar da gidanka ba kowa. Me mai garkuwa da mutane yake nema da ya wuce wannan? Tajassusin da aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana ke nan, sai dai an sauƙaƙe wa mai yin sa.

Abin da aka halatta saboda buƙata, gwargwadonta ake ɗauka. Saboda haka a ƙayyade masu kallo, a rubuta wanda ya buɗe da lokacin da ya buɗe, a goge hoto in amfaninsa ya wuce. Kwamitocin masallatai da masu makarantu, ku ma da kuka saka kyamara, maganar ta haɗa da ku. Wa ke riƙe da kalmar sirrinku? Yaron da ya haɗa muku, har yanzu yana kallo ta wayarsa?

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana. Wallahu a'alam.