Ajiye Fili ko Ɗora Bulo: Nasiha ga Matashin Karkarar Kano

Ɗana, ga ka da 'yan kuɗi a hannu, ko gonar da ta faɗo maka a rabon gado a wajejen Bichi ko Dambatta, kana ta jin ana cewa arzikin yanzu yana cikin ƙasa. Gaskiya ne. Duk wanda ya bi hanyar Katsina ya wuce Dawanau ya ga gonakin dawa da gero sun koma fuloti, ga kuma layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, wanda zai ratsa Dambatta da Kazaure. Sai dai sana'a biyu ce mutane ke haɗawa da suna ɗaya. Akwai mai sayen fili ya ajiye ko ya saka haya, akwai kuma mai yanka fili ya gina ya sayar. Halinsu daban, jarinsu daban.

Mai ajiye fili, haƙuri ne jarinsa na farko. Kuɗin da ya zuba ba zai waiwaye su ba sai bayan shekaru, don haka wannan hanya ta mai rarar kuɗi ce, wanda cefanen gidansa ke fitowa daga wani wuri. In ka saka kuɗin abincin iyalinka a fili, ranar da rashin lafiya ta zo za ka sayar a gaggauce, dillali ya karɓi la'adarsa, kai ka tashi da asara. Sannan ka riƙe takarda da kyau. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, filin karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da shaidar mallakarsa ta gargajiya. Sa hannun mai unguwa da dagaci yana da muhimmanci, amma kada ka tsaya nan. Ka tambayi makwabtan gonar ta kowace kusurwa, ka tabbatar an raba gadon, kuma mata magada sun amince da bakinsu. Da yawa daga cikin shari'un fili da ke cin shekaru a kotu daga nan suke tasowa, wani yaya ya sayar da abin da ba nasa kaɗai ba.

Mai gini kuwa ba ya zama. Safiya tana yi masa a wurin aiki, yana ƙirga buhun siminti, yana duba ko birkila ya rage rodi, ko mai buga bulo ya cika yashi. Kuɗinsa na juyawa da sauri, haɗarinsa ma haka. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama, mutane da yawa suka tsaya a linta. Ka zaga bayan gari ka ƙirga kangayen da ciyawa ta cinye. Kowanne akwai wanda ya yi lissafi da farashin bara. Ga kuma jarabar awon igiya: a yanka gona ƙanana-ƙanana, ba hanyar mota, ba magudanar ruwa, ba filin makaranta. Riba ce ta yau, amma damina ɗaya ta isa mutane su riƙa ambaton sunanka da baƙin ciki, kuma hukumar tsara birane ta KNUPDA na iya zuwa da jan fenti in gari ya iso wurin.

In ka tambaye ni, matashi mai ƙarfi da ƙaramin jari ya fara ta ɓangaren gini, amma a matsayin mai koyo. Ka bi wani ɗan kwangila mai amana, ko ka nemi ilimin sana'ar a makaranta irin Kwalejin Ilimi ta Fasaha da ke Bichi. Wanda ya san adadin bulon da ɗaki ɗaya ke ci, ba a cutarsa ranar da ya zama mai saye. Ajiye fili zai zo daga baya, da ribar da ka tara.

Abin da nake roƙonka da shi, kada ka sayar da gonar gado don ka shiga kowacce daga cikin sana'o'in nan biyu. Ƙasar nan tamu a matse take. Tun shekarun 1960 Bature mai bincike Michael Mortimore ya yi nazarin yadda manoman kewayen Kano ke noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, da takin dabbobi da sharar birni da jakuna ke ɗaukowa. Kakanninka ne suka ciyar da wannan ƙasa har ta ciyar da kai, kuma wanda ya sayar a nan da wuya ya sake samun irinta kusa da gida. In kuɗi sun matse ka, ka ba da ita haya ga manomi na damina ɗaya ko biyu, a gaban shaidu, a rubuce. Kuma kafin ka biya kafin alƙalami a kan kowane fili, ka je ka gan shi a watan Agusta, lokacin da ruwa ke nuna inda yake kwanciya.