Amanar Zuriya a Zamanin Gyaran Ƙwayoyin Halitta

A ƙarshen shekarar 2023 hukumomin magunguna na Birtaniya da Amurka suka amince da Casgevy, maganin da ke gyara ƙwayoyin halittar mai ciwon sikila ta hanyar fasahar CRISPR. Ana ɗebo ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin majinyaci, a gyara su domin su koma samar da irin jinin da yake da shi tun yana ciki, sannan a mayar masa. Kuɗinsa a Amurka ya haura dala miliyan 2, alhali Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan ciwo.

Malaman ɗabi'ar likitanci na Turai sukan fara da tambayar ko majinyaci ya yarda. Tambaya ce mai kyau, amma Bahaushe ba ya tsayawa a kanta. A wurinsa mutum rahama ne, jikinsa kuma amana ce da ya karɓa daga iyaye zai miƙa wa 'ya'ya. Masu falsafar Ubuntu a Kudancin Afirka ma haka suke gani: mutum ba ya cika mutum sai da mutane.

Da wannan ma'auni gyaran Casgevy ba shi da aibu, domin yana tsayawa a jikin wanda ya nema, ba ya bin zuriyarsa. Abin da He Jiankui ya aikata a Sin a 2018 daban ne. Ya gyara ƙwayoyin tagwaye tun kafin a dasa su a mahaifa, ya taɓa gadon da za su miƙa wa jikokin da ba a shawarta ba. Kotu ta ɗaure shi shekara 3 bisa karya doka. Mu kuwa cin amana za mu kira shi.

Akwai kuma dalilin yin hattara. Wanda ya gaji ƙwayar sikila daga ɓangare ɗaya, wato mai AS, yakan samu kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Abin da ake kira naƙasa a Landan garkuwa ne a Kano, don haka bai kamata a bar wa ɗakin bincike na nesa shi kaɗai ya yanke wace ƙwaya ce ta cancanci shafewa ba.

Sai dai ɗabi'ar jama'a ma tana iya zalunci. Da sunan kare dangi ake tsangwamar masu sikila a maganar aure, ana fallasa sakamakon gwajin jininsu kamar ba su da sirri. A nan tambayar Bature game da yarda ita ce ke tsare mutuncin yarinyar da aka fasa aurenta.