Ba Duk Abin Da Ya Shige Mana Duhu Ne Gaibu Ba

Godiya ta tabbata ga Allah (S.W.T.) Masanin fili da ɓoye, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ke 'yar'uwata a Musulunci, nasiharmu ta wannan fitowa tana kan imani da gaibu ne, da yadda mu mata muka kasu kashi biyu a kansa. Kashi na farko, duk abin da ya faru sai a ce iska ce, ko sammu, ko maita. Yaro ya yi zazzaɓi, an ce mayya ta kama kurwarsa. Miji ya ɗaure fuska, an ce kishiya ta shiga malamai. Kashi na biyu kuwa, galibi 'yan'uwanmu da suka yi zurfi a boko, da an ambaci aljani ko kambun baka sai su kwashe da dariya, su ce ai wannan camfin mutanen da ne. To, dukkansu biyun sun kauce hanya.

Ke mai shakka, da ke zan fara. A farkon Suratul Baƙara, siffar farko da Allah Ya siffanta masu taƙawa da ita ita ce imani da gaibu, kafin ma a ambaci salla. Mala'iku gaskiya ne, tambayar kabari gaskiya ce, aljanu kuwa sura guda aka saukar da sunansu, ita ce ta 72 a jerin surorin Alƙur'ani. Sihiri da kambun baka sun tabbata a hadisai ingantattu. Na'urar asibiti tana auna bugun zuciya, amma ba ta ganin rai, kuma a Suratul Isra'i an sanar da mu cewa rai yana daga al'amarin Ubangiji, ilimin da aka ba mu kaɗan ne. Kimiyya tana aiki ne a kan abin da ake iya aunawa. Don ba ta ga mala'ika ba, wannan bai zama hujjar cewa babu shi ba.

Ke kuma mai jingina komai ga iska, ki saurara da kyau. Abin da ya ɓoyu gare mu iri biyu ne. Akwai gaibu na haƙiƙa, wanda babu hanyar saninsa sai ta wahayi. Akwai kuma abin da ya shige mana duhu kawai don ba mu karanta ba, alhali wasu bayin Allah sun san sababinsa. Na farko imani ake yi da shi. Na biyu tambaya ake yi a kansa. Haɗa su wuri guda shi ne yake ja mana asarar imani da asarar rayuka.

Dubi abin da ya faru a shekara ta 10 bayan Hijira. Rana ta yi husufi a ranar da Ibrahim, ɗan Manzon Allah (S.A.W.), ya rasu. Mutane suka ce saboda mutuwarsa ne. Duk da baƙin cikin da yake ciki, Annabi bai bar maganar ta wuce ba. Ya bayyana musu cewa rana da wata ayoyin Allah ne, mutuwar wani ko rayuwarsa ba ta sa su husufi, ya kuma umarce su da salla da addu'a. Bukhari da Muslim duk sun ruwaito wannan. Kin ga wanda ya fi kowa sanin gaibu ta hanyar wahayi, shi ne ya fara rushe camfi.

Mu dawo gida. Cutar da muke kira shan inna, sunanta ma daga camfi ya samo asali, wai Inna ce take shanye ƙafar yaro. Alhali ƙwayar cuta ce da take shiga ta baki, daga ruwa ko abincin da bahaya ya gurɓata. Da aka dage da ɗigon rigakafi, a ranar 25 ga Agusta, 2020 aka sanar cewa nahiyar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar, ko da yake ana ci gaba da rigakafin saboda wani nau'inta da yake ɓullowa inda aka yi sakaci. To, ina Innar ta tafi?

Haka jijjigar mai ciki. Mace ta fara kumburin fuska da hannuwa, ga ciwon kai mai tsanani, tana gani dishi-dishi, sai kuma ta faɗi tana jijjiga. Nan da nan a rufe ta a ɗaki ana turare, wai mutanen ɓoye ne suka taɓa ta. Wallahi 'yar'uwa, hawan jini ne na ciki, awo yana gano shi tun da wuri, kuma akwai allurar da ake yi a asibiti don tsayar da jijjigar. Duk sa'ar da aka ɓata, ran uwa da na ɗa ake wasa da su. Farfaɗiya ma ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba a ɗaukarsa ta yawu ko ta taɓa mai shi. A kwantar da shi ta gefe, a kawar da wuta da abin da zai ji masa rauni, kada a cusa masa cokali a baki. In ta wuce minti 5 ba ta lafa ba, a garzaya asibiti.

Babban haɗarin kuma yana wajen boka. Yana cewa aljanunsa sun faɗa masa wanda ya yi miki asiri, sai ki yanke zumunci da uwar mijinki ko maƙwabciyarki a kan zato. Ki tuna ƙissar Annabi Sulaimanu (A.S.) a Suratu Saba'i. Ya rasu yana dogare da sandarsa, aljanu suna ta wahalar aiki ba su sani ba, sai da gara ta cinye sandar ya faɗi. Waɗanda ba su san mutuwar wanda yake tsaye a gabansu ba, ta yaya za su san gobenki? Kuma ya tabbata a Sahihu Muslim cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi, ba za a karɓi sallarsa ta kwana 40 ba. Yaƙin da Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta yi ke nan ta hanyar 'yan taru, tana tura jajis ƙauyuka su fitar da mata daga bori zuwa ilimi.

Saboda haka, duk lokacin da wani abu ya ɗaure miki kai, ki tambayi kanki abu uku. Shin akwai nassi a kansa? Shin na tambayi masana wannan fanni? Shin wanda yake ba ni labarin, mai gaskiya ne ko mai neman abin hannuna? Ki riƙe azkar na safe da yamma, da Ayatul Kursiyyu, da Falaƙi da Nasi, ki yi wa kanki da 'ya'yanki ruƙya da bakinki. Sannan ki ɗauki katin asibiti ki tafi, domin Annabi (S.A.W.) ya yi umarni da neman magani, kuma Wanda Ya saukar da cuta Shi ne Ya saukar da maganinta.

Allah Ya ƙara mana imani da basira, Ya tsare mu daga shirka da camfi da shakka, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.