Ƙurar da Ke Cikin Akwati

Ƙanena yana da ɗan shago kusa da wata makaranta a Kano, inda yake buga takardu, ɗalibai kuma suna zuwa ya cike musu fom a intanet. Jarin shagon kaf bai wuce firinta da kwamfutar girke guda ɗaya ba, 'yar Beljiyam. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40 da rana, kwamfutar ta fara yi masa tsiya. Da safe lafiya lau take. Azahar na yi sai ta soma jan ƙafa, fankarta na kuka kamar injin markaɗe, wani lokaci ma ta ɗauke ɗif ana tsakiyar aiki, ga mai takarda tsaye yana jira.

Masu shawara ba su yi wuyar samu ba. Wani ya ce furosesar ce ta tsufa, a sayi sabuwa. Wani yaro mai son wasannin kwamfuta ya ce ba sai an kashe ko kwabo ba, akwai inda ake shiga cikin BIOS a ƙara mata gudu fiye da yadda kamfani ya tsara, abin da suke kira obakulok. Wannan ta kwanta wa ƙanena a rai tunda kyauta ce. Da ƙyar na shawo kansa muka ɗora ta a adaidaita sahu zuwa wajen wani mai gyara a titin Beirut.

Mai gyaran bai taɓa sukundireba ba sai da ya yi tambaya. "Malam, yaushe take yin abin, da safe ko da rana? A ƙasa take ko a kan tebur? Rabon da a buɗe ta fa?" Ƙanena ya ce tun da ya saye ta, hunturu biyu ke nan, ba a taɓa buɗewa ba. Mutumin ya girgiza kai, ya kwance murfin, ya cire fankar da ke kan furosesa, ya ce mu matso mu gani.

Tsakanin fankar da ƙarfen da ke shan zafi akwai wani abu shimfiɗe, ruwan toka, mai kauri kamar guntun bargo. Da ya sa yatsa ya ɗago shi, ɗungurungum ya taso bai wargaje ba. Ƙurar hunturu ce da zaren tufafi da burbushin takarda suka dunƙule, har iska ta rasa ta inda za ta bi. Ya ɗaga ƙarfen kuma, sai ga man da ake shafawa tsakaninsa da furosesa ya bushe ya tsattsage kamar ƙasar fadama a bazara. Aikin man nan shi ne ya cike 'yan ramukan da ido ba ya gani a fuskokin biyu, domin zafi ya samu hanyar fita. In ya bushe, zafin ya tsaya a inda aka haife shi.

"Yallaɓai, kwamfutarka ba ta gaji ba," in ji shi. "Numfashi ta kasa yi."

A nan ya bayyana mana abin da ya tsaya mini a rai. Furosesa tana da ma'aunin zafi a jikinta. Idan ta doshi digiri 100, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, in abin ya ci tura ta kashe kanta baki ɗaya. Ashe jan ƙafar da muke zaginta a kai, dabarar tsira ce. Mu kuma maganin da muka tashi ba ta shi ne ƙarin gudu, wato ƙarin zafi.

Ba na raina masu obakulok, sana'a ce mai tarihi. A 1998 Intel ta fitar da Celeron 300A mai arha, mutane suka gano cewa in an ɗaga gudun madabod daga megahaz 66 zuwa 100, sai ta tashi daga 300 ta koma 450, tana goga kafaɗa da masu tsada. Har yau kamfanin yana sayar da furosesoshi masu harafin K a ƙarshen lambarsu, waɗanda aka bari a buɗe don masu wannan sha'awa. Sai dai su sun san kuɗin abin. Ƙarin gudu yakan buƙaci ƙarin ƙarfin wuta, shi kuwa zafi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da wutar, gaba yake yi: ka ƙara kashi 10 cikin ɗari, ya ƙaru da wajen kashi 21. Shi ya sa kafin su taɓa komai sai sun tanadi manyan fankoki ko sanyaya ta ruwa, su ƙara kaɗan, su gwada na awoyi, sannan su sake ƙarawa. Wuta mai yawa kuma a hankali take cin furosesa. A 2024 Intel da kanta ta amsa cewa yawan ƙarfin wuta yana lalata wasu furosesoshinta na zubi na 13 da na 14, har ta ƙara wa masu su garantin shekara biyu. Ita kuwa irin ta ƙanena, ta ofis, a kulle ma take zuwa.

Tun daga ranar nake ganin guntun bargon nan a wurare da yawa. Yaro yana baya a aji, mu ce daƙiƙi ne, mu ƙara masa lesin da bulala, ba wanda ya tambaya ko yana hango allo, ko ya karya kumallo. Matar gida ta rage kuzari, a ce son jiki ne, alhali wata nawa rabonta da cikakken barci. Muna saurin cewa abu ya gaza domin wannan hukuncin ba ya sa mu buɗe murfi, kuma ba ya nuna cewa mu ne muka bar ƙurar ta taru. Wannan yana damuna ƙwarai, don na san gidajen da aka yi asarar mutum ta wannan hanya, ba inji ba.

Mai gyaran ya fita da akwatin kwamfutar waje, ya danne fanka da yatsa don kada iska ta juya ta fiye da kima, ya hure ƙurar da bulowa. Ya goge tsohon man tas, ya ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya, ya mayar da ƙarfen. Ƙanena, da ya ga kuɗin furosesa sun rage masa a aljihu, ya ce, "Injiniya, to a ƙara ram, a canja hadis ɗin ma gaba ɗaya." Mai gyaran ya ƙi. Ya ce abu ɗaya ake canjawa a lokaci guda, in ba haka ba, ko ta warke ba ka san me ya warkar da ita ba, in ta sake kwanciya kuma ba ka san wa za ka kama ba. A je a yi mako guda da ita tukuna.

Makon ya wuce ba ta ɗauke ko sau ɗaya ba. Da muka koma, SSD kaɗai ya sa mata a madadin tsohon hadis mai faifai, sai ga kwamfutar da ake kunnawa a tafi sayen shayi tana buɗewa kafin mutum ya gyara zama. Furosesar tana nan, ita ce dai ta da. Ƙanena ya ɗauke akwatin daga ƙasa ya ɗora a kan tebur, nesa da ƙofa, yana lulluɓe shi da tsohon zani idan zai rufe shago, ya kuma rubuta a bangon kusa da soket ranar da za a sake buɗe akwatin, ƙarshen watan Fabrairu, bayan iskar hunturu ta kwanta.