Cinikin biri a sama: neman malamin lissafi na gida

Kowace shekara, da zarar an koma makaranta a watan Oktoba, wata kasuwa takan buɗe a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, kasuwar da ba ta da rumfa balle sarkin kasuwa. Iyayen da ɗiyansu suka kai aji biyu na ƙarshe na lise, musamman a sashen C da D, sai su shiga cigiyar malamin da zai riƙa zuwa gida da maraice yana ƙara wa yaro lissafi. Abin da ke tayar musu da hankali shi ne wannan reshe da littattafan Faransanci ke kira analiz, wanda da Hausa za a iya ce masa lissafin canji: iyaka, da deribe, da antegaral. A nan ne yara da yawa da suka taso suna cin lissafi tun firamare suke fara tuntuɓe, kuma nauyin da aka ba lissafi a jarrabawar bak ta waɗannan sassa ya isa ya kayar da yaron da ya iya sauran darussa duka. Kowa dai nemansa guda ne: ƙwararren malami. Tambayar da ba a cika tsayawa a kanta ba ita ce, da me mai neman zai gane ƙwararren in ya same shi?

A kowane ciniki mai saye yana da abin dogaro. Mai sayen gero yakan cusa hannu cikin buhu, ya kuma sa ido a kan tiya. Mai sayen goro yakan ɓara ɗaya. Uban da ke sayen darasin deribe ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Sau da yawa karatunsa bai kai nan ba, in ma ya kai, shekarun ofis sun shafe. Yaron da ke karɓar hajar shi ma ba zai iya auna ta ba, don da ya iya da ba a nemo masa malami ba. Aflatun ya taɓo wannan matsala a muhawararsa mai suna Protagoras, inda Suƙurat yake gargaɗin wani saurayi mai ɗokin kai kuɗinsa ga shahararren malami: abinci ana iya ɗauko shi a mazubi, a kai gida, a kira masani ya duba kafin a ci, amma ilimi ba shi da mazubi sai ran mai koyo, kafin a san mai kyau ne ko gurɓatacce ya riga ya shiga. Bahaushe ya taƙaita irin wannan da cinikin biri a sama.

Lissafin canji ya fi sauran darussa saurin ruɗar mai saye, kuma dalilin yana cikin ilimin kansa. A ɗauki motar da ta tashi daga Maraɗi ta isa Damagaram, tafiyar kusan kilomita 240, cikin awa huɗu. Ɗan firamare ma zai raba ya ce ta yi kilomita 60 a awa. To amma motar ta tsaya a shinge, ta rage gudu a cikin gari, ta saki jiki a fili. Nawa ne gudunta a daidai ƙiftawar da ta wuce tashar Tasawa? Gudu dai nisa ne a raba da lokaci, ƙiftawa kuwa ba ta da tsawo, kuma a cikinta motar ba ta ci ko taku ɗaya ba. Sifiri ke nan a raba da sifiri, abin da ba shi da ma'ana. Duk da haka allurar da ke gaban direba tana nuna wata lamba. Mafitar da masana suka samo ita ce a auna gudun cikin minti ɗaya, sannan cikin daƙiƙa ɗaya, sannan rabin daƙiƙa, a yi ta matse tazarar ana duba lambar da amsoshin ke dosa. Lambar da ake dosa ita ce iyaka, gudun ƙiftawa kuma shi ne deribe. Antegaral ta ɗaya gefen take zuwa: gona mai karkatacciyar iyaka, a yanka ta siri-siri, a tara, a ga inda jimillar ta nufa yayin da yankan ke ƙara siranta.

Wannan tunani yana da wuya, kuma ba laifin ɗan tarminal ba ne in ya sha masa kai. Niyuton ya gano hanyar a Ingila wajen 1665 zuwa 1666, Laibiniz ya buga tasa a 1684, amma ba su iya bayyana tushenta yadda zai gamsar ba. A 1734 limamin coci Barkili (Berkeley) ya rubuta littafi yana yi wa masana lissafi ba'a kan waɗannan ƴan ƙananan adadi da a layi ɗaya ake raba lamba da su, a layi na gaba a ce sifiri ne. Sai a 1821 Koshi (Cauchy) ya kafa bayanin a kan iyaka. Kusan shekara 140 ke nan ƙa'idojin suna ba da amsa daidai alhali masu amfani da su ba su gama fahimtar dalili ba. Abin da ya faru ga manyan masana yana faruwa ga yaro cikin sauƙi. Ana iya koya masa cewa in ya ga x² ya sauko da lambar sama ya rage mata ɗaya, ya rubuta 2x. Cikin mako biyu zai cika shafi da amsoshi daidai, uba ya ga jan biro na yabo, kowa ya yi barci. Ranar da tambaya ta zo a wata siga, ko ranar da ya shiga ajin farko na jami'a, sai a tarar gini ne a kan rairayi.

Abu na farko da iyaye ke tambaya shi ne takarda, kuma suna da gaskiya. Wanda ya yi lisans na lissafi a Jami'ar Abdu Mumuni ko a jami'o'in Maraɗi da Damagaram, ko ya fito daga babbar makarantar horon malamai ta Yamai, ya fi wanda ya ci bak bara da ƙyar ya dawo unguwa da allo. Sai dai takarda shaida ce cewa mai ita ya taɓa sani. Ba ta ce komai a kan ko ya iya zama kusa da wanda bai sani ba. Akwai gwanin da abin ya zo masa da sauƙi har ya manta inda ake tuntuɓe, yaro ya tambaye shi ya maimaita bayanin da ya yi da ƙarin murya kawai.

Abu na biyu shi ne maki, kuma a nan ne batun ya zama na ɗabi'a. Malamin da ya fi sauƙin samu, wanda ya san tsarin karatun, ya san yaron, shi ne malamin ajinsa. Shi ne kuma wanda zai shirya jarrabawar aji, shi zai gyara ta. Mai sayar da hatsi ke nan aka danƙa wa tiya. Ba sai ya yi niyyar cuta ba: ya isa aikin da aka yi a zaure ranar Talata ya yi kama da wanda zai fito a aji ranar Alhamis, ya isa ya ɗan gaggauta bayanin da safe don ya san zai sake shi da dare ga masu biya. Makin yaro zai hau, uba zai ƙara jika a kan jika, sauran ajin kuma su fahimci darasin da ba a rubuta a allo ba, cewa cikakken bayani na mai kuɗi ne. A bak wanda ke gyara takarda bai san mai ita ba, a nan asiri ke tonuwa, amma shekara ta riga ta tafi.

Wannan ba hujja ba ce ta zagin malamai. Tun ƙarshen shekarun 1990 makarantun Nijar suka dogara ƙwarai da malaman kwantiragi, masu ɗan abin hannu kaɗan wanda sau da yawa yakan makara, kuma darasin maraice ne ke cika tukunyar da yawansu. Karɓar lada a kan koyarwa ba abin kunya ba ne a ƙasar da ta san kuɗin Laraba. Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a 870, ya halatta wa malami lada a littafinsa na ladubban malamai, amma ya ɗora masa sharaɗin daidaita ɗan mai kuɗi da ɗan talaka a wurin koyarwa. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, malamin aji kuwa ya riga ya ci ladan ajin gaba ɗaya. Ya koyar da ɗiyan wata makaranta da maraice, babu mai cewa uffan. Ɗalibansa na safe ne bai kamata su zama abokan cinikinsa ba. Hani na doka dai ba ya kashe wannan kasuwa. Koriya ta Kudu ta haramta darasin gida a 1980, abin ya koma ɓoye, a 2000 kotun tsarin mulki ta soke hanin.

Tarihin lissafin canji ya ajiye labarin wani malamin gida da ya dace a yi nazarinsa, domin mutum ɗaya ne ya koyar ta hanya biyu. A ƙarshen 1691 wani basaraken Faransa, Lopital (L'Hôpital), ya haɗu a Paris da wani saurayi ɗan garin Basal na Suwizalan, Yohan Barnuli (Bernoulli), mai shekara 24, wanda karatunsa na jami'a ma na likita ne. Lopital da kansa masanin lissafi ne, saboda haka zama ɗaya ya ishe shi ya gane saurayin ya riƙe sabon ilimin da kaɗan ne a Turai suka iya, ya ɗauke shi malami. A 1694 ya yi masa tayin kuɗin Faransa liba 300 a shekara, bisa sharaɗin ya riƙa aiko masa da abin da ya gano, kada kuma ya nuna wa wasu. A 1696 Lopital ya buga littafin farko na koyar da wannan lissafi, a ciki har da ƙa'idar nan ta warware sifiri bisa sifiri da har yau ake kira da sunansa, wadda wasu malaman gida ke miƙa wa ɗan tarminal a matsayin gajerar hanya. Bayan rasuwar Lopital a 1704 Barnuli ya yi ta cewa aikin nasa ne, ba a cika saurarensa ba, sai a 1922 da aka buga rubutun darussansa aka ga yawancin maganarsa gaskiya ce. Kuɗi sun sayi malami mafi ƙwarewa, sun kuma sayi shirunsa.

Kusan shekara talatin bayan haɗuwar Paris, wani yaro mai suna Oila (Euler), wanda ya shiga jami'ar Basal a 1720 yana ɗan shekara 13, ya roƙi wannan Barnuli ya riƙa ba shi darasi na musamman. Barnuli ya ƙi, ya ce aiki ya yi masa yawa. Ya umurce shi ya je ya karanta littattafai masu wuya da kansa, ranar Asabar da yamma ya zo da abin da ya gagare shi. Oila ya ba da labarin da tsufansa, ya ce kowane ƙulli ɗaya da malamin ya kwance masa yakan kwance wasu da dama, kuma bai san hanyar da ta fi wannan ba. Ba kowane yaro ne Oila ba, wanda aka baro a baya tun kwaleji yana bukatar fiye da yammaci ɗaya. Amma alƙiblar ta fito: malamin ya bar wa ɗalibin wahalar, ya tsaya a inda wahalar ta fi ƙarfinsa.

Daga nan uban da bai san deribe ba zai iya samo tiyarsa, domin akwai abin da ido ke gani ko da kai bai gane ba. Ya leƙa zaure ya ga wa ke riƙe da alli. In awa ta cika malami ne tsaye yaro na kwafa, sannan aikin da aka bayar a makaranta malamin ne ya yi shi, to an sayi maki ne. In yaro ne a gaban allo yana kuskure yana gogewa, malami na zaune yana tambayarsa daga ina wannan layi ya fito, akwai alamar alheri. Ya tambayi malamin wane wata yake ganin yaron zai iya tsayawa da ƙafarsa. Wanda ke lissafin jikkunan wata tara ba zai so tambayar ba; mai amana zai ce a duba bayan wata uku, watakila a rage zuwa sau ɗaya a mako, ko a haɗa yaron da abokansa huɗu a raba kuɗin, har a sa ɗan maƙwabcin da ubansa ba shi da hali.

Akwai kuma gwajin harshe. Kundin da hukumomin Nijar suka ƙaddamar a 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, amma deribe da Faransanci ake koyar da shi a lise, kuma Faransancin littafi mafaka ce mai kyau ga wanda ya haddace bai gane ba, malami ne ko ɗalibi. Jimlar ma'anar iyaka ana iya rera ta kamar karatu. Uwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana iya zaunar da ɗanta bayan wata guda da fara darasi, ta ce ya gaya mata da Hausa, ba x ba y, abin da ake koya masa. Zai yi in-ina, don kalmomin ba su zauna ba tukuna, kuma aro zai yi daga mota da gona da rijiya. In ya iya kai ta har tashar Tasawa, ya nuna mata yadda ake matse lokaci har gudun ƙiftawa ya fito, to malamin da ke zuwa gidan ya san aikinsa. In ya ce abin ba ya faɗuwa da Hausa, sai a kira malamin a yi masa tambaya guda.