Abokin Gaba Ma Ɗan Adam Ne

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Da zarar kaka ta yi, aka fara girbin gero a ƙasar Garki, sai shanu su soma gangarowa daga arewa neman harawa da ruwa. A nan ne manomi da makiyayi kan saɓa, har wani lokaci a zubar da jini, kamar yadda ya sha aukuwa a Guri da Kirikasamma. To, jama'a, wanda ya yi maka ɓarna ya fita daga cikin 'yan Adam ke nan?

Wannan rigima ba yau ta soma ba. Suratul Anbiya'i, aya ta 78 da ta 79, ta ambaci tumakin da suka afka wa wata gona da dare. Malaman tafsiri suka ce Annabi Dawuda ya hukunta a ba mai gona tumakin. Ɗansa Annabi Sulaimanu kuwa ya ce mai gona ya riƙe su yana amfana da nononsu, makiyayi ya gyara gonar har ta koma yadda take, sa'an nan kowa ya karɓi abinsa. An biya ɓarna, ba a kuma jefa iyalin mai laifi cikin yunwa ba.

Wani zai ce, wanda aka cinye wa noman shekara, ina shi ina tausayi? Lalle haƙƙinsa yana nan. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an ɗora wa masu dabbobi biyan abin da suka ɓata da dare. Amma haƙƙin yana wuyan mai dabbobin ne kaɗai. Ƙona rugar wanda bai ji ba bai gani ba zalunci ne. Haka makiyayin da aka nome masa burtali, ƙara zai kai wurin dagaci ko alƙali, ba shi da ikon zare wa ɗan manomi takobi. Suratul Ma'ida, aya ta 8, ta hana ƙiyayya ta sa mu bar adalci.

Buhari ya ruwaito cewa an wuce da gawar wani Bayahude, sai Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya miƙe tsaye, ya tunatar da sahabbai cewa shi ma rai ne. In haka ne ga wanda ba addininmu ɗaya ba, ina ga wanda muke sahu ɗaya da shi ranar Juma'a?

Allah Ya ba mu kaka lafiya, Ya tsare mu daga ɗaukar alhakin bayinsa, amin.